Shin fasinja zai iya shan giyar inabin da ya shigo da ita jirgin sama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a ofishin sayar da tikitin jirgi, kuma cikin masu hulɗa da mu akwai waɗanda ba Musulmi ba. Wani daga cikinsu zai tafi Amurka ta Landan, ya tambaye ni ko zai iya tafiya da kwalbar giyar inabinsa ya sha a cikin jirgi, wai wadda ake rabawa ba ta yi masa. Na rasa amsar da zan ba shi. Me doka ta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hukuncin giya a wajen Musulmi sananne ne, kuma ba shi ka tambaya ba, don haka zan tsaya a kan dokar sufurin sama. Ka yi daidai da ba ka yi saurin ba shi amsa ba, domin kuskure a wannan wuri yana iya kai fasinja hannun 'yan sanda.

Ka gaya masa cewa ɗaukar kwalba daban, shan abin da ke cikinta daban. Yana iya ɗauka idan ya cika sharuɗɗan da zan kawo. Amma ya buɗe ta a kujerarsa ya zuba wa kansa, wannan ba a yarda da shi ba a jiragen Amurka, haka ma a kusan duk manyan kamfanonin da zai iya hawa.

A Amurka maganar a rubuce take cikin dokokin hukumar kula da sufurin sama ta ƙasar, wato FAA, a sashe na 121.575. Sashen ya ce babu wanda zai sha barasa a cikin jirgi sai wadda kamfanin da ke tafiyar da jirgin ya miƙa masa. Ka lura da yadda aka tsara maganar. Dokar ba ta damu da wanda ya sayi kwalbar ba, abin da ta kama shi ne hannun da ya zuba. Sashen ya kuma hana ma'aikata su ba wa wanda alamar maye ta bayyana a kansa, ya hana a bar mai maye ya hau jirgi tun daga ƙofa, sannan ya wajabta wa kamfani ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 5 idan fasinja ya ƙi bin wannan doka. Wato ko ma'aikaciyar jirgi ta so ta kau da kai, akwai takardar da ke jiran kamfaninta.

Saboda yadda aka rubuta dokar, akwai 'yar kafa a cikinta: idan fasinja ya miƙa wa ma'aikata kwalbarsa, su suka buɗe, su suka zuba masa, doka ba ta karye ba. A shekarun baya an san kamfanin jiragen Amurka na JetBlue da amincewa da haka. Sai dai wannan izini ne na kamfani, fasinja ba shi da hurumin tilastawa, kuma a yau mafi yawan kamfanoni sun toshe kafar. Inda abin ya rage sosai shi ne jiragen shata na masu kuɗi, inda ake shirya komai tun kafin ranar tafiya, kuma ko a can ma'aikacin jirgi ne ke zubawa. Idan mutumin naka ya nace, hanya ɗaya ce: ya rubuta wa kamfanin kafin tafiya ya nemi amsa a rubuce. Abin da wani ya faɗa masa ta waya ba zai amfane shi ba a gaban shugaban ma'aikatan jirgi.

A Birtaniya dokar ta bi ta wata hanya. Dokar zirga-zirgar sama ta 2016 ta mai da shiga jirgi a buge, ko buguwa a cikinsa, laifi da ake gurfanar da mutum a kansa, kuma hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 2. Hana shan giyar da fasinja ya zo da ita kuwa yana cikin sharuɗɗan da kamfanoni irin su easyJet da Ryanair ke gindayawa a tikiti, waɗanda mutum ya amince da su tun lokacin da ya biya kuɗi. Da zarar ma'aikaci ya ce a ajiye kwalba aka ƙi, laifin ya tashi daga karya sharaɗin tikiti ya koma ƙin bin umarnin matuƙi, wanda ya fi nauyi nesa ba kusa ba.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa kamfanoni na yin haka ne don su sayar da tasu. Akwai ƙamshin gaskiya a jiragen da ke sayar da komai har ruwan sha. To amma a dogon zango, kamar Landan zuwa New York, yawancin manyan kamfanoni kyauta suke ba da giyar inabi, kuma dokar tana nan daram. Ainihin dalilin shi ne ƙidaya. An horar da ma'aikatan jirgi su riƙa lura da kofi nawa kowa ya sha, su duba idonsa da muryarsa da yadda yake tafiya zuwa banɗaki, su rage masa ko su tsayar idan sun ga alama. Wanda ke sha daga jakarsa ya fita daga wannan ƙidaya. Ma'aikaciya za ta ba shi kofi biyu tana zaton shi ke nan, alhali ya riga ya shanye rabin kwalba. Kafin a ba wa babban jirgin fasinja lasisi, sai an nuna cewa ana iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofinsa. Mutum ɗaya da ƙafarsa ba ta ɗaukarsa a tsakiyar layi ya isa ya ɓata wannan lissafi, balle idan shi ne ke zaune a bakin ƙofar gaggawa. A gidan giya ana fitar da mai rigima waje. A sama, tafiyar awa bakwai a kan teku, babu wajen da za a fitar da shi.

Jiki ma ba ya ɗaukar barasa a sama kamar a ƙasa. Iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, don haka iskar oksijin da ke shiga jini tana raguwa ko da mutum bai sha komai ba. Maganar da ake yaɗawa cewa kofi ɗaya a sama daidai yake da uku a ƙasa ba haka take ba, yawan barasar da ke jini bai canza ba. Abin da ke faruwa shi ne gajiyar ƙarancin iska tana haɗuwa da ta barasa. A 2024 mujallar likitanci ta Thorax ta buga wani bincike na cibiyar nazarin sararin sama ta Jamus, inda aka kwantar da matasa masu lafiya a ɗakin da aka rage wa iska zuwa irin ta jirgi. Waɗanda suka sha kwatankwacin kofi biyu na giyar inabi kafin barci, oksijin na jininsu ya sauka zuwa wajen kashi 85 cikin ɗari, bugun zuciyarsu ya tashi zuwa wajen 88 a minti. Matasa ke nan masu ƙoshin lafiya. Ka auna dattijo mai hawan jini ko ciwon zuciya, ko wanda ya haɗa da ƙwayar barci don ya huta a hanya. Wannan haɗin na ƙarshe yana da haɗari ƙwarai, kuma ma'aikatan jirgi ba su da hanyar sanin mutum ya yi shi sai ya faɗi.

Yanzu ga yadda abin ke tafiya idan an kama mutum. Da farko ana yi masa magana a hankali, a ce ya rufe ya mayar jaka, ko a karɓi kwalbar a ajiye sai an sauka. Mafi yawan lokuta a nan maganar ke mutuwa. Idan ya musa, ko aka sake ganinsa yana sha, shugaban ma'aikata zai sanar da matuƙi, wasu kamfanonin kuma suna da takardar gargaɗi da suke miƙa wa fasinja. Daga nan sai a kira ƙasa a ce 'yan sanda su jira a ƙofa. Yarjejeniyar Tokyo ta 1963 ta ba matuƙi ikon sa a ɗaure fasinja mai barazana ga lafiyar jirgi, ya kuma sauke shi a inda ya ga ya dace. A da, masu irin wannan laifi sukan tsira ba hukunci saboda ƙasar da aka sauka ba ta da hurumin hukunta abin da ya faru a jirgin wata ƙasa. Yarjejeniyar Montreal ta 2014 ta zo ta toshe wannan giɓi, kuma amincewar da Najeriya ta yi da ita a Nuwamban 2019, a matsayin ƙasa ta 22, ita ta cika adadin da ya sa ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020.

Batun kuɗi kuma ba wasa ba ne. A 2021, lokacin da wasu kamfanonin Amurka irin su Southwest da American suka dakatar da ba da barasa a kujerun talakawa, mutane sun koma shigowa da tasu, kuma hukumar FAA ta karɓi rahoton fasinjoji masu tayar da hankali kusan 6,000 a shekarar. Tarar da take iya yankewa a lokacin ta kai dala 37,000 a kan laifi guda, kuma fasinja ɗaya yana iya tara laifi biyu ko uku a tafiya ɗaya: shan tasa giyar, ƙin bin umarni, tsoma baki a aikin ma'aikata. Idan aka karkatar da jirgi zuwa wani fili saboda shi, lissafin ya ƙara tashi, domin akwai mai, da kuɗin sauka, da otal na fasinjoji idan awannin aikin matuƙa sun ƙare. A farkon 2025 Ryanair ta kai wani fasinja kotu tana neman yuro 15,000, bayan jirginta da ya tashi daga Dublin zuwa Lanzarote ya sauka a Porto, mutane sama da 160 suka kwana a can. Ga mai riƙe da fasfo ɗin Najeriya akwai wata asarar da ta fi tara ciwo, wato sunansa ya shiga takardar 'yan sanda a ƙasar da zai sake neman bizarta.

To ɗaukar kwalbar fa? A nan akwai hanya uku, kuma kowace da nata tarko.

Jakar hannu ita ce mafi wuya. Tun bayan da aka bankaɗo shirin kai hari da abin fashewa na ruwa a Birtaniya a Agustan 2006, duk wani ruwa da za a wuce da shi wajen bincike dole ya kasance a mazubin da bai wuce mililita 100 ba, duka kuma su shiga leda ɗaya mai haske ta kimanin lita ɗaya. Kwalbar giyar inabi ta yau da kullum mililita 750 ce. Ƙaramar da ake rabawa a jirgi ma 187 ce, ita ma ta wuce. Girman mazubi ake dubawa, don haka babbar kwalba da ta rage saura kaɗan a gindi ba za ta wuce ba. Wasu filayen da suka sa sababbin na'urorin bincike, kamar Edinburgh da Birmingham a 2025, sun sassauta wannan iyaka, amma kada ya gina tafiyarsa a kan haka, domin filin da zai canza jirgi ko wanda zai dawo ta cikinsa yana iya kasancewa a kan tsohuwar doka. Abin buɗe kwalba mai murɗawa yana wucewa a Amurka idan ba shi da 'yar wuƙa a jiki. Mai wuƙar sai a akwati.

Wasu sukan yi dabarar juye giya a gorar ruwa ko ƙananan kwalabe. Ka hana shi. Warin giyar inabi ba ya ɓuya a wurin da mutane ke zaune kafaɗa da kafaɗa, kuma wanda aka kama ya ɓoye ya rufe wa kansa ƙofar cewa bai san doka ba.

Hanya ta biyu ita ce saye a shagunan da ba a biyan haraji, waɗanda ke bayan wajen bincike. Wannan kwalbar ana shiga jirgi da ita, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa, suna ganin tunda filin jirgi ya sayar musu ai an ba su izinin sha. Ba a ba su ba, tana nan a rufe har a sauka. Tunda mutumin naka zai canza jirgi, ya tabbata mai shago ya sa masa ita a leda ta musamman mai haske da ake liƙewa, wadda ke nuna alama idan an buɗe, da rasit a ciki yadda za a iya karantawa daga waje. Kada ya taɓa liƙin ko da don ya ƙara turare a ciki. A Amurka ana son rasit ɗin ya nuna an yi sayayyar cikin awa 48 da suka wuce, kuma jami'in bincike yana da ikon hana ta wucewa idan na'ura ba ta tantance ta ba. Akwai sauƙi ɗaya da ba kowa ya sani ba: mai shiga Amurka yakan karɓi akwatinsa a filin farko da ya sauka, ya wuce kwastam, sannan ya sake miƙa shi idan zai hau jirgin cikin gida. A wannan tsakanin sai ya buɗe akwati ya sa kwalbar ciki, ya huta da gardama a bincike na biyu.

Hanya ta uku, wadda na fi ba da shawara, ita ce akwatin da ake aunawa a miƙa. Ƙa'idar kayan haɗari ta duniya ta raba barasa gida uku gwargwadon ƙarfinta. Wadda ba ta wuce kashi 24 cikin ɗari ba, ba a ɗaukarta kayan haɗari, iyakarta nauyin akwati da dokar kwastam. Giyar inabi tana nan, domin yawanci tsakanin kashi 11 zuwa 15 take, masu ƙarfin cikinta da ake ƙara wa barasa ma ba su cika wuce 22 ba. Daga sama da 24 zuwa 70, lita 5 kawai aka yarda wa mutum ɗaya, kuma a kwalbarta ta kamfani da ba a buɗe ba. Abin da ya haura 70 ba ya hawa jirgi sam, saboda yana kama wuta. Wannan ya sa ogogoro da aka ɗura a gora ba tare da tambari ba ba shi da wurin zama a jirgi. Bammi kuma matsalarsa daban: yana ci gaba da tsima a cikin gora, iska na taruwa, har murfi ya tashi ya jiƙa kayan mutane.

Kwalba cike tana da nauyin kilo 1.2 zuwa 1.5, don haka guda shida sun cinye kilo 7 zuwa 9 daga cikin 23 da ake ba yawancin fasinjoji. Wajen shiryawa, ya fara sa kowace kwalba a leda mai kauri ya ɗaure bakinta, ko leda biyu, domin idan ta fashe ruwan ya tsaya a ciki. Jar giyar inabi idan ta zuba a farar shadda, sai dai haƙuri. Sannan ya naɗe ta da tawul ko rigar sanyi, ya fi ba wuyan kwalbar kulawa domin nan ne ya fi saurin karyewa. Ya kwantar da ita a tsakiyar akwati, da tufafi kamar kaurin yatsu uku ko huɗu ta kowane gefe, kada ta taɓa bango ko wajen tayoyi, kada kuma kwalba biyu su haɗu ba komai a tsakaninsu. Akwatin ya cika tam. Wanda ke da sarari a ciki shi ne kayansa ke yawo idan aka jefa shi a kan bel. Akwati mai taurin jiki ya fi na yadi. Mai ɗaukar dozin guda ya nemi kwali na musamman mai ramukan soso, ya kuma sani cewa kamfanoni da yawa sun rubuta a sharuɗɗansu cewa ba su ɗaukar alhakin kayan fashewa.

Tsoron da ake yi cewa kwalba za ta fashe saboda matsin iska ba shi da tushe. Ɗakin kaya na manyan jirage yana da matsin iska irin na wajen fasinja. Ko giya mai kumfa, wadda matsin cikin kwalbarta ya ninka na iskar waje sau biyar zuwa shida, an ƙera kwalbarta ta jure fiye da ɗan bambancin da jirgi ke kawowa. Abin da ke ɓata giya a tafiya shi ne jifa da zafi. Akwatin da ya yi awa biyu a kan kwalta cikin rana yana iya sa ruwan ya kumbura ya turo toshiyar, ɗanɗanon kuma ya lalace.

A kwastam na Amurka, wanda ya kai shekara 21 yana shiga da lita ɗaya ba haraji. Abin da ya ɗara haka ba haramun ba ne a dokarsu, sai dai a bayyana shi a biya ɗan haraji. Wanda bai kai 21 ba ba ya shiga da ko kaɗan, ko da tsaraba ce. Birtaniya ta fi sakin hannu, tana barin lita 18 na giyar inabi marar kumfa, Tarayyar Turai kuma lita 4 ga mai shigowa daga waje.

Akwai wani abu da zai iya sanyaya masa gwiwa game da shan tasa a sama, ko da an yarda masa. Danshin iskar jirgi yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, hanci ya bushe kamar a tsakiyar hunturu, kuma yawancin abin da muke kira ɗanɗano ta hanci yake zuwa. Binciken da cibiyar Fraunhofer ta yi wa kamfanin jiragen Lufthansa a 2010 ya nuna cewa jin gishiri yana raguwa da kashi 20 zuwa 30, na zaƙi da 15 zuwa 20. A giyar inabi, ƙamshin 'ya'yan itace yana dushewa, tsami da bauri su fito fili. Shi ya sa masu zaɓar wa kamfanoni giya suke neman mai laushi da yawan ƙamshi. Mai yiwuwa wadda yake kuka da ita ba ta da laifi, hancinsa ne ya bushe, kuma kwalbarsa mai tsada haka za ta yi masa a can sama.

Tunda a ofishin tikiti kake, ka riƙe wannan saboda sauran fasinjojinka. Ruwan inabi marar barasa, irin wanda ake kaiwa wajen biki, dokar mililita 100 ta hau kansa kamar kowane ruwa, kuma tunda kwalbarsa ta yi kama da ta giya, mai son buɗewa a jirgi ya fara nuna wa ma'aikata tambarin. Sannan ka duba hanyar da ka yanka wa mutum kafin ka ce masa ya sa kwalba a akwati. Saudia, wato kamfanin jiragen Saudiyya, ba ta ba da barasa, ba ta kuma yarda a ɗauko ta a jiragenta. Shiga da giya Saudiyya ko Kuwait ko Iran laifi ne, ba a duba addinin mai ɗauke da ita. A Maldives ana karɓe ta a filin jirgi. Idan kuma tikitin dawowarsa ta Kano ne, ya san cewa jihar tana cikin waɗanda dokar shari'a ta hana sayarwa da shan giya, kuma Hisbah tana kama ta a hanya. Wanda zai bi ta Jidda ko ya sauka a filin Malam Aminu Kano, ka ce masa ya bar kwalbar a inda ya saye ta.